Wanda Ya Riƙe Bindiga da Wanda Ya Kwanta a Ƙasa: Yadda Ake Karanta Ƙagaggen Labarin Fashin Banki

Akwai wata gajeriyar jimla da marubuta da masu buga littattafai suke son sakawa a bangon littafi ko a shafinsa na farko, wadda take shaida wa mai karatu cewa labarin da zai shiga an gina shi ne a kan abin da ya faru da gaske. Jimlar ba ta cika layi biyu ba, amma takan sauya yadda ake karanta duk shafukan da suka biyo bayanta. Mutumin da zai iya ajiye littafi saboda ya ga dabarar 'yan fashin cikinsa ta wuce hankali, idan aka ce masa an taɓa yin hakan a wani banki a wata shekara, sai ya gyara zama ya ci gaba, domin an riga an toshe masa ƙofar musu. Wannan amincewa riba ce da marubucin bai samu da gumin alƙalaminsa ba. Ya same ta ne daga wahalar wasu bayin Allah da suka kwana cikin fargaba, wasunsu ma suka rasa rayukansu. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka mai karatu yana da haƙƙin ya tambayi marubuci abin da ya yi wa waɗannan mutane a madadin abin da ya karɓa daga gare su.

Ba abin mamaki ba ne da fashin banki ya zama abin so ga masu rubuta labaran aikata laifi, domin laifi ne da yake zuwa da zubinsa da tsarinsa a shirye. Akwai lokacin tara mutane, kowa da gwanintarsa, akwai lokacin leƙen asiri da zana taswira, akwai ranar shiga, akwai ɗan kuskuren da babu wanda ya hango, sannan a ƙarshe a zo rabon ganima, inda amana takan lalace. Marubuci bai sha wahalar neman abin da zai riƙe zuciyar mai karatu ba, tunda agogo yana tafiya kuma 'yan sanda suna hanya. Sai dai wannan tsari yana ɗauke da wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. A kowane labari, zuciyar mai karatu takan bi wanda yake da buri kuma yake fafutukar cim ma burin, kuma a cikin banki ranar fashi, mai buri da shiri shi ne ɗan fashi. Kashiya da mai gadi da dattijuwar da ta zo cirar ɗan abin da ta tara ba su da wani shiri illa su fita da ransu, abin da suke yi kawai shi ne jira, jira kuwa yana da wuyar rubutawa. Ta haka ne mutumin kirki, wanda bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, zai tsinci kansa a tsakiyar littafi yana fatan kada ƙararrawar banki ta buga. Ba na ɗaukar wannan a matsayin aibin mai karatu, kuma ba lallai ya zama mugun nufin marubuci ba. Aikin da siffar labarin take yi ke nan, kuma wanda ya san tana yinsa ya fi samun damar riƙe hankalinsa.

Wani abin da ke ƙara ingiza mai karatu ɓangaren ɗan fashi shi ne banki ba shi da fuska, kuma a wasu zamuna ya kasance abin jin haushin jama'a. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 ne suka durƙushe a Amurka, suka tafi da ajiyar mutane da yawa, kuma a cikin wannan yanayi ne 'yan fashin banki irin su John Dillinger suka yi suna, har wasu talakawa suna kallonsu kamar masu ɗaukar musu fansa. Marubucin wasan kwaikwayon nan na Jamus, Bertolt Brecht, ya sa wata tambaya a bakin ɗaya daga cikin taurarinsa wadda har yau ake maimaita ta, wato ina fasa banki ya kai kafa banki. Tambayar tana da nauyi, kuma littafin da ya ɗauke ta da gaske yana iya tona asirin zaluncin da doka ta yarda da shi. Amma a hannun marubuci mai kasala takan koma hujjar da ake wanke hannu da ita, a ce kuɗin banki yana da inshora, babu wanda ya yi asara. Inshorar ajiya da gwamnatin Amurka ta kafa a 1933 ba ta shafi abin da mutum ya adana a akwatinsa na ɗakin ajiya ba, kuma babu wata inshora a duniya da take mayar wa mutum barcinsa bayan an ɗora masa bakin bindiga a ƙeya.

Abin da ya fi kamata mai karatu ya sani, a ganina, shi ne sau da yawa marubuci ba shi ne farkon wanda ya tsara labarin ba. 'Yan fashin sun riga shi. A watan Yulin 1976, a birnin Nice na Faransa, wani gungu ya bi ta magudanan ruwa na ƙarƙashin gari, ya haƙa rami mai tsawon kusan mita 8 zuwa ɗakin ajiyar bankin Société Générale, ya shafe ƙarshen mako a ciki yana fasa akwatunan mutane. Kafin su fita suka bar rubutu mai cewa aikin an yi shi ne ba makami, ba ƙiyayya, ba tashin hankali. Albert Spaggiari, wanda ya yi iƙirarin shi ne uban tafiyar, an kama shi, amma ya dira ta tagar ofishin alƙalin bincike a 1977, ya hau babur ɗin da ke jiransa, kuma bai sake shiga hannu ba har ya mutu a 1989, bayan ya rubuta littafi a kan kansa. Duk wanda ya zo rubuta wannan labari zai tarar da hoton ɓarawo mai ladabi a ajiye yana jiransa, kuma sai ya yi da gaske kafin ya tuna cewa mutumin nan an taɓa ɗaure shi saboda alaƙarsa da ƙungiyar OAS, wadda ta zubar da jini don hana Aljeriya samun 'yancin kai. Irin wannan ce ta faru a Acassuso, kusa da Buenos Aires ta Ajantina, ranar 13 ga Janairun 2006, inda 'yan fashi suka tsere ta magudanar ruwa a kwalekwalen roba, suka bar bindigogin wasa da ɗan baitin waƙa mai cewa kuɗi kawai suka ɗauka a unguwar attajirai. Jaridu sun yi ta yaba dabarar, amma mutane sama da 20 da aka tsare a bankin na tsawon sa'o'i ba su san bindigogin na wasa ba ne, kuma tsoron da suka ji na gaske ne.

Wani lokacin ma ƙagaggen labari ne yake haifar da fashin, fashin kuma ya koma ya haifi wani ƙagaggen labarin. A watan Satumban 1971 aka fasa reshen bankin Lloyds da ke titin Baker a Landan ta hanyar ramin da aka haƙa daga wani shagon kayan fata, aka buɗe akwatuna 268, kuma an ruwaito cewa jagoran aikin ya samo dabarar ne daga wani gajeren labarin Arthur Conan Doyle na 1891, inda ɓarayi suka haƙa rami daga shago zuwa banki. Wani mai sha'awar na'urar rediyo ya tsinkayi hirar 'yan fashin ta oba-oba daga gidansa, ya sanar da 'yan sanda, aka duba bankuna kusan 750, har da wanda ake fasawa, amma da aka ga ƙofar ɗakin ajiyar a kulle sai aka wuce. Wannan kaɗai ya isa littafi. Sai dai wasu takardun hukuma a kan lamarin an rufe su har zuwa 2071, kuma duk inda aka bar rufaffen ɗaki, jita-jita takan cika shi. Fim ɗin da aka yi a 2008 ya ɗauki raɗe-raɗin cewa hukumar leƙen asiri ce ta shirya fashin don ƙwato wasu hotunan abin kunya na wata 'yar gidan sarautar Ingila, maganar da ba a taɓa kawo hujjarta ba, amma yau mutane da yawa ita suka riƙe a matsayin tarihi.

Ba ina nufin duk abin da marubuci ya ƙaga ƙarya ce da ta cancanci zargi ba. Takardun kotu da rahoton 'yan sanda suna faɗin wanda ya shiga da ƙarfe nawa da abin da aka ɗauka, amma ba sa shiga zuciyar kowa, kuma wani lokacin bayanin da hukuma ta tsayar shi kansa yana da nasa son zuciyar. Abin da ya faru a Stockholm, babban birnin Suwidin, shi ne misalin da nake yawan komawa gare shi. Ranar 23 ga Agustan 1973, Jan-Erik Olsson, fursunan da aka ba izinin fita na ɗan lokaci bai koma ba, ya shiga bankin Kreditbanken da ke dandalin Norrmalmstorg, ya yi garkuwa da ma'aikata 4, mata 3 da namiji 1, ya nemi krona miliyan 3 da mota, ya kuma nemi a kawo masa abokinsa Clark Olofsson daga kurkuku, aka kawo shi. Kwana 6 aka yi ana ja-in-ja, gidan talabijin yana nuna wa ƙasa kai tsaye. 'Yan sanda suka rufe su a ɗakin ajiya, suka riƙa huda rufin daga sama, Olsson kuma ya rataya wa ma'aikatan igiya a wuya don idan aka sako hayaƙin da zai sumar da su, su shaƙe. Tun kafin a kai ga haka, ɗaya daga cikin matan ta yi magana ta waya da Firaminista Olof Palme, ta shaida masa cewa abin da ya fi ba ta tsoro shi ne 'yan sanda su afka su jawo mutuwarsu, ta kuma roƙi a bar su su fita tare da masu tsare da su. Ranar 28 ga watan aka harba hayaƙi mai sa hawaye, kowa ya fito da rai.

Nils Bejerot, likitan ƙwaƙwalwa da ya kasance mai ba 'yan sanda shawara a lokacin, shi ya laƙaba wa halin da ma'aikatan suka nuna sunan da duniya ta sani yau da ciwon Stockholm, wato wanda aka kama ya koma yana ƙaunar wanda ya kama shi. Sunan ya bazu ko'ina, duk da cewa kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka bai taɓa sanya shi a jerin cututtuka ba, kuma matar da ta yi wayar ta shafe shekaru tana cewa ita ba ciwo ne ya kama ta ba, lissafin tsira da rai ta yi. Idan aka duba da idon basira, mace da ke kulle a ɗaki da igiya a wuyanta, tana jin ƙarar na'urar huda rufi a samanta, tana da dalili mai ƙarfi na lallaɓa mutumin da ke kusa da ita da bindiga da kuma jin tsoron waɗanda ke waje. A nan ne ƙagaggen labari yake iya yin abin da rahoto ya kasa. Marubucin da ya zauna a cikin wannan ɗaki tare da ita, ya sa mai karatu ya ji ƙishirwa da cunkoso da yadda ɗan alherin da mai garkuwa ya yi yake girma a idon wanda ransa ke hannunsa, ko da duk kalmomin da ya sa a bakinta nasa ne, ya fi kusa da gaskiya fiye da wanda ya kwafi ranaku daidai sannan ya mayar da ita yarinyar da soyayya ta ruɗa. Saboda haka idan na ga marubuci ya ƙaga wani abu, abin da nake dubawa shi ne inda ƙagen ya sauka da kuma wanda ya ɗauki nauyinsa.

Nauyin kuwa yakan sauka ne a kan rayayyu. John Wojtowicz, wanda ya yi garkuwa da ma'aikatan wani reshen bankin Chase Manhattan a Brooklyn ta birnin New York ranar 22 ga Agustan 1972, an biya shi dala 7,500 don a yi fim da labarinsa, amma da fim ɗin ya fito a 1975 sai ya rubuto daga kurkuku yana cewa kashi 30 cikin 100 ne kawai gaskiya, kuma ya koka cewa an nuna kamar ya ci amanar abokin fashinsa, matashin da jami'an FBI suka harbe a filin jirgin sama. Idan wanda ya jawo fitinar, aka kuma biya shi, yana jin an zalunce shi, sai a auna halin wanda ba a biya ba, ba a kuma tambaye shi ba. A fashin Northern Bank na Belfast a Ireland ta Arewa a watan Disamban 2004, inda aka kwashe fam miliyan 26.5, an tsare iyalan ma'aikata 2 ne aka tilasta musu fito da kuɗin. Daga baya aka gurfanar da ɗayansu bisa zargin haɗa baki, kotu ta wanke shi a 2008. Labarin fashi kusan kullum yana buƙatar ɗan leƙen asiri daga cikin gida, kuma marubucin da ya ɗauki wannan lamari, ko da ya sauya sunaye, idan ya sa ma'aikacin ya zama munafukin, ya sake ɗora wa mutum tuhumar da alƙali ya sauke masa, a gaban jama'ar da ba za ta taɓa karanta hukuncin ba.

Akwai kuma batun inda aka tsayar da labari, domin zaɓen shafin ƙarshe shi kansa hukunci ne. A 2005 wasu suka kama hayar gida a Fortaleza ta Brazil da sunan kamfanin shuka ciyawa, suka haƙa rami mai tsawon kusan mita 80 zuwa reshen Babban Bankin ƙasar, a watan Agusta suka kwashe sama da real miliyan 164 na kuɗin Brazil ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Wanda ya rufe littafinsa a safiyar Litinin da aka gano ramin ya rubuta labarin gwaninta. Wanda ya ci gaba zuwa watan Oktoba zai kai ga sace ɗaya daga cikin waɗanda ake zargi da kashe shi bayan an biya kuɗin fansa, da jerin sace-sacen mutane da suka biyo baya saboda wannan dukiya.

Idan mai karatu ya gama irin wannan littafi ya zo faɗin ra'ayinsa, a rubuce ko a zaman hira, akwai ramuka biyu da na ga ana yawan faɗawa. Wani yakan zama mai binciken kurakurai, ya ce motar ba wannan launin ba ce, fashin ba ranar Talata aka yi ba, daga nan ya yanke cewa littafin banza ne, alhali haɗe mutum uku su zama tauraro ɗaya ko matse wata shida su zama mako biyu aikin adabi ne da babu wanda ya cutu da shi. Wani kuma yakan ce ai labari ne kawai, kada a dame shi da tarihi, ya manta cewa jimlar nan ta bango ce ta sa ya sayi littafin. Sharhin da ya amsa sunansa yakan fara da faɗin gaskiya a kan abin da littafin ya yi wa mai sharhin, har da amincewa cewa ya ji daɗi kuma ya goyi bayan ɓarayin a wasu shafuka, domin ɓoye wannan yaudarar kai ce. Daga nan sai ya koma ga abin da aka tabbatar ya faru, ya gano wuraren da marubucin ya kauce, ya tambayi abin da kowace kaucewa ta amfanar. Ni nakan koma in ƙirga mutum nawa ne daga cikin waɗanda aka kwantar a ƙasa aka ba suna da tunani da gida da za su koma, kuma in duba ko littafin ya bi ko mutum ɗaya daga cikinsu zuwa ranar da ya sake shiga wannan banki don ci gaba da aiki. Tambayar wanda ya ci kuɗin littafin ita ma halas ce a yi ta. Jihar New York ta kafa doka a 1977 don hana masu laifi cin ribar labarin laifinsu, Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta a 1991 saboda ta ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki, wanda ke nuna cewa doka kaɗai ba ta iya raba wannan gardama.

Littafin da ya fi wahalar da ni wajen yanke hukunci shi ne Plata quemada na marubucin Ajantina Ricardo Piglia, wanda aka buga a 1997, ma'anar sunansa kuwa ƙonannen kuɗi. An gina shi ne a kan fashin kuɗin banki da aka yi a San Fernando a 1965, inda 'yan fashin suka kashe mutane, suka tsallaka zuwa Montevideo ta Uruguay, 'yan sanda suka yi musu ƙawanya a wani bene na tsawon dare har aka ƙare da gawarwaki. A cikin littafin, da suka tabbatar ba mafita, sai suka riƙa cinna wa kuɗin wuta suna jefowa ta taga, taron jama'ar da ke kallo kuma ya fusata da wannan fiye da yadda ya fusata da rayukan da aka kashe. Ban san wani rahoton jarida da zai iya nuna matsayin kuɗi a zukatan mutane kamar yadda wannan fage ya nuna ba, kuma saboda shi ba zan iya cewa da ba a rubuta littafin ba ya fi. Amma marubucin ya rufe littafin da bayanin cewa labarin gaskiya ne, kuma ya bar sunayen mutane na ainihi, ciki har da na wata mata da take matashiya lokacin da ta yi hulɗa da ɗaya daga cikin 'yan fashin. Bayan shekara sama da 30, ta riga ta gina wata rayuwar, sai ta ga an dawo da ƙuruciyarta kasuwa, an haɗa abin da ya faru da abin da marubuci ya ƙaga ta yadda babu mai iya rarrabewa. Ta kai ƙara tana neman diyya, kotu ta yi watsi da ƙarar. An mayar da littafin fim a shekarar 2000, an fassara shi zuwa harsuna da dama, ana kuma ci gaba da buga shi da sunanta a ciki.